Bugu Uku a Gindin Tsamiya

Rumbu huɗu wuta ta cinye a Kwarin Gawo ranar kasuwar Mirriya. Da uku ne kawai, da an yi wa masu su jaje, kowane gida ya kai dami ɗaya, an rufe zancen. Na huɗun ne ya hana gari sakat, domin shi ne rumbun kumandan: geron da Nasaran Zinder ya sa aka tara masa gida-gida, wanda samarin ƙauyen za su ɗauka a ka su kai wa sojojinsa can arewa. Daga jikinsa wutar ta tashi, da rana tsaka, kuma babu mai girki a wurin. Ko jariri ya san hannu ne ya sa ta.

Kwarin Gawo ba ƙauyen da wuta ta saba ci da daɗi ba ne. Kwari ne tsakanin duwatsu, ciyawarsa ta fi mutum tsawo, idan ta bushe tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Shi ya sa tun kakanni suke da 'yan kuge, maza masu kashe gobara don Allah, ba wanda ke ba su ko ɓarin goro. Kugensu na ƙarfe yana rataye a tsamiyar ƙofar masallaci, kuma yana magana da baki uku. Bugu ɗaya wutar daji ce, a zo da hauya da ɗanyen reshen sabara. Bugu biyu gida ne. Bugu uku rumbu ne, a zo da tulu da dogayen goruna masu ƙugiya, a fizge jinkunan rumbunan kafin wuta ta kai gare su. Idan an gama, shugabansu yakan ɗebi ƙwaryar ruwa ta farko ya miƙa wa wanda ya buga kugen, shi zai fara sha kafin kowa.

Ran nan rabin maza suna kasuwa. Mutum goma sha ɗaya ne da matan gari suka tsaya gaban rumbu fiye da talatin, suka bar wa wuta huɗu kacal. Je ka Gouna ka tambaya, je ka Mirriya, a gaya maka ƙauyen da zai iya haka. Amma ba a sha ruwan kuge ba a ranar, domin kafin hayaƙi ya kwanta an ɗaure shugaban 'yan kugen kansa, Alƙasum.

* * *

Nomau ya dawo daga kasuwa da la'asar sakaliya, yana jan gwiwarsa mai ciwo. Tsohon maharbi ne, kuma duk Damagaram ta kudu in saniya ta ɓata ko ɓarawo ya tsallake danga, shi ake kira ya bi sawu. Ya san haka, ba ya kuma ɓoye cewa ya sani.

Ya tarar da Alƙasum a zauren mai gari, hannuwa a baya, gemunsa duk ya babbake gefe ɗaya. Gardi Dodo, wanda aka ajiye ya tsare rumbun kumandan, yana zaune kan turmi da jar hularsa da bindiga a cinya.

"Da idona na gan shi," in ji gardin, tun ba a tambaye shi ba. "Yana riƙe da damin ciyawa mai ci, yana cinna wa fili."

"Wutar tari ce," in ji Alƙasum a gajiye. "Na ƙone ciyawar da ke gabanta don ta zo ta rasa abin ci. Na gaya masa sau goma."

"Mai kashe wuta yana kunna wuta! Ka faɗa wa kumandan haka, ya yi dariya kafin ya jefa ka gidan kaso."

Nomau ya dubi takalman gardin, ya ga jar ƙasar hanyar Mirriya a jikinsu. "Kai kana ina da ta tashi, gardi?"

"Ina bakin aikina."

"Aikin naka yana da nisa, na ga alama. Har ya kai ka rumfar masu tsire."

Gardi Dodo ya murtuke fuska. Yana bukatar wuyan da zai kai Birnin Zinder, in ba haka ba nasa za a nema, kuma Alƙasum ya sauƙaƙe masa: shi ne ya tashi a gaban jama'a watan jiya ya ce zalunci ne a tara geron talaka a kuma ɗora wa ɗansa a ka. Mai gari ya yi ta roƙo har gardin ya yarda a kai gobe da azahar. Daga nan, in ba a kawo masa wani ba, da Alƙasum zai tafi.

Nomau ya tsuguna kusa da amininsa. Shekara tara da suka wuce, wannan mutumin ne ya shiga ɗaki mai ci da wuta ya fito da matar Nomau a kafaɗa. Mai shekarun Alƙasum idan ya shiga kason Zinder, gawarsa ake fitarwa.

"Ka ci wani abu?"

"Bar zancen ci. Je ka duba ɗan kugenmu Tanimu, hannunsa ya ƙone. Jinka bakwai ya fizge shi kaɗai, Nomau. Ban taɓa ganin aiki irin nasa na yau ba."

* * *

Da sassafe Nomau ya haura zuwa rumbunan. Suna can bayan wani ƙaton dutse da ake kira Dutsen Kura, an ware su daga gidaje tun da can don kada wutar girki ta same su. Ya tsaya ya duba ƙasa, ya yi tsaki. Gari guda ya yi rawa a wurin. Sawun maza, sawun mata, fasassun tuluna, laka da toka sun cakuɗe kamar an dama kunu. A karo na farko a rayuwarsa ƙasa ta ƙi gaya masa komai, kuma abin ya yi masa ciwo.

Jama'a kuwa sun riga sun sami nasu mai laifin. Wani fatken kanwa, Modu, ya sauka da jakunansa a bakin rijiyar gabas kwana biyu da suka wuce. Baƙo ne, Babarbare, ya kuma hura wuta. Samari har sun fara zagaye shi da sanduna lokacin da Nomau ya iso.

"Wushe, baba," in ji Modu. "Wallahi ni tuwona kawai na dafa."

Nomau ya nufi inda baƙon ya yi girki. Ya tsuguna a murhun, ya tura yatsa cikin tokar, ya ga an kashe ta da ruwa an kuma bi ta da ƙasa, aikin matafiyi mai hankali. Ya zagaya masaukin. Takalmin Modu na fatar raƙumi ne mai faɗin baki, sawunsa ya je rijiya ya dawo, ya je ya dawo, bai taɓa nufar dutse ba.

"Jiya iska daga ina take busowa?" ya tambayi samarin.

"Daga yamma, Baba Nomau."

"To, wutar mutumin nan ƙafa gare ta, da za ta yi tafiya gaba da iska ta haura dutse? Ku ajiye sandunan nan kafin ku ba mu kunya. Mutum ya ba mu aron jakunansa jiya an yi jigilar ruwa, yau kuna neman fasa masa kai."

Samarin suka sulale. Modu ya bi shi da godiya har da guntun kanwa, Nomau ya karɓa ya jefa aljihu, domin bai ga dalilin da zai hana ba.

* * *

Wa ke ƙin rumbun kumandan? Nomau ya yi wa kansa tambayar, ya kusa yin dariya. Kowa. Bara samari takwas aka ɗora wa kaya zuwa arewa, biyar suka dawo. Bana an zaɓi goma. Duk gidan da ke da ɗa namiji yana yi wa rumbun nan kallon kabari.

Ya bar babbar hanya, wadda ta zagaye dutsen, ya bi 'yar siririyar hanyar awaki da ta hau ta kansa ta gangara gari. Ba mai bin ta da tulu, don haka jiya ba wanda ya tattake ta. A wani lungu mai yashi, tsakanin duwatsu biyu, ya tsaya cak.

Sawu ne na mutum ɗaya, ba takalmi, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Gudu ne na fitar rai. Nomau ya kwanta da ciki ya hura a hankali, baƙar toka ta tashi daga cikin sawun. Tokar a kansa ta sauka, ba shi ya taka ta ba. Wato mai sawun ya wuce tun wutar tana ƙarama, kafin hayaƙi ya fara zubar da toka. Duk gari ya yi gudu zuwa wurin wuta. Wannan shi kaɗai ya yi gudu daga wurinta.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne inda sawun ya nufa. Mai laifi daji yake yi. Wannan kuwa gangarawa ya yi kai tsaye cikin gari. Nomau ya bi shi dutse-dutse, yana zagin gwiwarsa, har ya ɓace a cikin sawun jama'a a bakin filin masallaci. Yashin ya yi laushi da yawa, bai riƙe kamannin ƙafar ba. Ya san an yi gudu, bai san wa ya yi ba, rana kuma ta ɗaga.

* * *

Ya biya gidan Inno, yayar Alƙasum. Taubashiyarsa ce, shekara hamsin suna tsokanar juna. Ya same ta zaune gaban tukunyar kalwa, idanu jajur.

"Ka zo da mai laifin?" ta ce.

"Tukuna."

"To me ka zo yi? Kai da kake cika baki kana bin sawun tururuwa a kan dutse."

"Ruwa na zo sha, tsohuwar banza. Gaya mini jiya, ni ina kasuwa. Me kika fara ji?"

"Me zan ji? Kuge. Ina jin uku na yar da muciya na suri tulu. Ko mayafi ban tsaya nema ba."

Nomau ya sauke ƙwaryar daga bakinsa. "Uku? Ba a fara da ɗaya ba, sannan aka sake?"

"Kunnena ya fi gwiwarka lafiya. Uku, uku, uku, tun daga farko. Allah ya yi wa Tanimu albarka. Da ɗaya ya buga, da duk mun tafi da reshen sabara kamar masu korar ƙuda, kafin a dawo a ɗauki ƙugiya an gama da mu."

"Tanimu ne ya buga?"

"Shi. Ya ce tun hantsi yana gindin tsamiya yana tufkar igiya, ya ɗaga kai ya ga hayaƙi." Ta share ido da gefen zane. "Bawan Allah. Habunsa bai dawo daga arewa ba bara, ga shi bana an sa Suma'ila cikin masu ɗaukar kaya, shi ke nan ɗan da ya rage masa. Amma ka ga bai hana shi tsaya wa gari ba."

Nomau ya fita ko sallama bai yi ba. Ya je gindin tsamiya, ya tsaya daidai ƙarƙashin kugen, ya juya fuskarsa wajen rumbuna. Ya matsa dama. Ya matsa hagu. Ya hau kan saiwa ya yi ɗage. Sannan ya zauna a ƙasa. Ya sami abin da yake nema, kuma bai taɓa baƙin cikin samun sawu irin na yau ba.

* * *

Da aka idar da azahar gari ya taru a gindin tsamiya. An fito da Alƙasum a ɗaure. Gardi Dodo ya riga ya ɗaura wa dokinsa sirdi. Modu yana gefe, 'yan kuge a jere, Tanimu a cikinsu da hannun dama naɗe cikin tsumma, ɗansa Suma'ila tsaye a bayansa.

"Ranka ya daɗe," Nomau ya ce wa mai gari, "baƙon nan ba ruwansa. Wutarsa a kashe take, kuma iska ba ta wajensa. Alƙasum kuwa, wa ya gan shi lokacin da aka buga kuge?"

Mata uku suka amsa a tare. A bakin rijiya yake, yana gyaran guga.

"Zancen mata," in ji gardin.

"To ga zancen ƙasa. Mutum ɗaya ya sauko ta hanyar awaki a guje, kafin toka ta fara zuba. Daga rumbu ya taso, nan ya nufo." Nomau ya juya ga 'yan kuge. "Ku ne masu abin, ku tuna mini. In ɗan kuge yana tsaye a nan ya ga hayaƙi bayan Dutsen Kura, nawa zai buga?"

"Ɗaya," in ji wani dattijo a cikinsu. "Ciyawa ce ta kewaye wurin, sau goma in ka ga hayaƙi can, daji ne. Ba a buga uku sai ido ya ga wuta a kan jinka. Ƙa'ida ce."

"Tanimu, ɗana, zo nan," in ji Nomau.

Tanimu ya fito. Mutum ne dogo, marar yawan magana, shekara ashirin yana cikin 'yan kuge.

"A ina kake tufkar igiyar?"

Ya nuna da haɓa. Nomau ya kama kafaɗarsa ya tsayar da shi a wurin, a hankali, kamar yadda ake tsayar da marar lafiya.

"Nuna mini jinkar rumbu ɗaya daga nan. Ɗaya tak."

Duk taron ya juya ya dubi inda ake nufi. Babu komai sai ƙaton baƙin dutse da sararin sama. Mutanen da aka haifa a garin, suka tsufa suna zama a gindin itacen nan, sai yau suka lura. 

Tanimu bai ɗaga hannu ba. Ya dubi Alƙasum, ya dubi igiyar da aka ɗaure shi da ita.

"Ku kwance shi," ya ce. "Ni ne."

"Baba!" in ji Suma'ila.

"Yi shiru." Ya juya ga mai gari. "Ranka ya daɗe, na ga gardi ya tafi kasuwa, na ce in babu gero babu ɗaukar kaya. Habu ya tafi da geron nan a ka, ko kabarinsa ban sani ba. Na share ciyawa kewaye da rumbun, na ce shi kaɗai zai ci. Ina cinnawa iska ta ɗauke wani ɓangaren jinkar ta jefa kan na maƙwabta. Jiya da aka ɗaure Alƙasum na so in yi magana, bakina ya ƙi buɗuwa. Wannan ita ce kunyar da ta fi ƙona ni, ba hannun nan ba."

Wani daga cikin masu rumbunan da suka ƙone ya fara zagi, matarsa ta ja masa riga.

Nomau ya yi tambayar da ta tsaya masa a rai tun a gindin saiwa. "Ka san ƙa'ida fiye da ni. Da ɗaya ka buga, ni kaina da ban gano ka ba har abada. Me ya sa ka buga uku?"

Tanimu ya dube shi kamar wanda aka tambaya me ya sa yake numfashi.

"Haba, Baba Nomau. In buga ɗaya, mutane su zo da sabara alhali rumbu ke ci? Ɗan kuge ne ni. Wuta na iya cinna ta, Allah ya yafe mini. Amma ƙarya da kuge ban iya ba."

* * *

Gardi Dodo bai damu da wanda zai tafi da shi ba, muddin akwai wuya. Ya kwance igiyar daga hannun Alƙasum, ya nufi Tanimu da ita.

"Dakata," in ji Alƙasum.

"Rana tana yi."

"Ta yi. Akwai abin da ba mu gama ba jiya, kai ka hana."

Ya murza wuyan hannunsa, ya taka zuwa randar masallaci, ya ɗebo ruwa a ƙwarya.  Ya zo gaban Tanimu ya miƙa masa da hannu biyu. 'Yan kuge suka gyara tsayuwa ba wanda ya ce musu.

Tanimu ya ja baya. "Alƙasum, ni na jawo..."

"Wanda ya cinna wuta na gardi ne, ya tafi da shi. Ni da wanda ya buga kuge nake. Rumbu talatin suna tsaye saboda shi. Sha, mu ma mu sha, ƙishi muke ji tun jiya."

Tanimu ya karɓa da hannun hagu, ya sha, hawaye na gangara cikin ƙwaryar. Ta zagaya mutum goma sha ɗaya, ta kai ga matan da suka ɗauki tulu, har Modu aka miƙa wa. Da ta zo kan Nomau ya ce shi bai kashe wuta ba, yana can yana cinikin barkono. Inno ta dungure masa kai ta ce ya sha ya daina iyayi.

'Yan kuge ba su bar gardi ya ɗaure Tanimu a wuya ba. Suka saɓa gorunansu masu ƙugiya a kafaɗa, suka jeru kamar yadda suke jeruwa in za su tari wuta, Tanimu a tsakiya, suka raka shi da ƙafa har ƙofar Birni. Mutanen Zinder suka yi ta fitowa suna tambayar wane babban mutum ne ake rakiya haka. Nomau yana can baya yana ɗingishi, zuciyarsa cike da baƙin ciki da alfahari, ya kasa raba su. Duk wanda ya tambaye shi amsa ɗaya yake bayarwa: 'yan kugen Kwarin Gawo ne, sun kawo ɗayansu.

Da suka dawo washegari, Alƙasum ya ciro sandar bugun kuge daga kogon tsamiya, ya kira Suma'ila, ya damƙa masa ita.

"Riƙe wa babanka," ya ce. "Ka san bugun?"

"Na sani, Baba. Ba a buga uku sai ido ya gani."